Tsuntsu Ɗaya Mai Riguna Uku: Nazari Kan Kama-ƙuda na Kurmi

A farkon daminar bara malaminmu na nazarin halittu ya raba mu rukuni uku, ya tura mu kwarin da ke bayan gonar makaranta, inda rafi ya bi ta ƙarƙashin manyan itatuwa. Aikin da ya ba mu ba mai wuya ba ne. Ya ce kowane rukuni ya zauna shiru na rabin sa'a, ya zaɓi tsuntsu guda, ya rubuta kamanninsa da abin da yake yi. Da muka komo aji, rukuni na fari suka ce sun ga jan tsuntsu mai baƙin kai, da wutsiya doguwa kamar igiya. Na biyu suka ce nasu fari ne, shi ma da baƙin kai da doguwar wutsiya. Na uku kuwa suka ce nasu ja ne, amma wutsiyarsa ba ta fi ta sauran tsuntsaye ba.

Malam ya rubuta duka a allo, sa'an nan ya tambaye mu, "Tsuntsaye iri nawa ke nan?" Muka haɗa baki muka ce uku. Ya ce iri ɗaya ne. Aji ya kaure da gardama, har wani a cikinmu ya ce, "Malam, in ja da fari ɗaya ne, to, akuya ma tunkiya ce." Wannan gardama ce ta sa muka shafe damina guda muna bin tsuntsun nan, kuma abin da muka koya shi ne muke so mu shimfiɗa a nan domin ɗalibai, da malamai, da iyayenmu masu karanta wannan littafi.

Sunansa da danginsa

Ma'anar sunan da littattafan Turanci suke kiransa da shi ita ce "mai kama ƙuda na aljanna, na Afirka". Mu dai a aji mun gajarta, muna ce masa kama-ƙuda. Sunansa na kimiyya Terpsiphone viridis. Kalmar farko daga Helenanci take, ma'anarta murya mai daɗi. Ta biyu daga Latin take, ma'anarta kore. Wani Bajamushe masanin dabbobi, Statius Müller, shi ne ya ba shi wannan suna na biyu a shekara ta 1776. Wanda ya je kurmi neman koren tsuntsu saboda wannan suna zai komo da haushi, gama in ban da ɗan sheƙin da ke kansa in rana ta doke shi, babu kore a jikinsa.

Ana samunsa a yawancin ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, daga Senegal zuwa Habasha, har Afirka ta Kudu, yana kuma nan a kudancin ƙasar Larabawa. Yana da 'yan'uwa na kusa a Indiya, da Japan, da Madagaska. Kada a haɗa shi da wani ɗan tsuntsu mai ruwan toka da yakan zo mana daga Turai wajen ƙarshen damina, wanda shi ma yake kama ƙwari a iska. Sana'arsu ɗaya, amma ba gidansu ɗaya ba.

Yadda za a gane shi

Kuskuren da muka yi a ranar farko shi ne, mun dogara ga launin baya da tsawon wutsiya. Waɗannan biyu kuwa su ne suka fi sauyawa a jikin tsuntsun nan. Bari mu fara da abin da ba ya sauyawa sosai, wato kai.

Kansa baƙi ne mai sheƙi, irin sheƙin rawani ɗan Kura da ya sha bugu. A ƙeyarsa akwai ɗan tukku, wanda yakan miƙar in ya firgita ko ya fusata. Kewaye da idonsa akwai zobe shuɗi. Wannan zobe ba gashi ba ne, fata ce tsirara. Bakinsa ma shuɗi ne, amma tsininsa baƙi. In an dube bakin daga sama za a ga yana da faɗi a gindi, ba kamar na kanari ko na gwara ba, waɗanda nasu gajere ne mai kauri domin fasa tsaba. A gindin bakin akwai waɗansu gasusuwa masu tauri, kamar gashin bakin kyanwa. Da can an ɗauka raga ce ta tare ƙwari. Yanzu masana sun fi karkata ga cewa suna kare ido, suna kuma taimakon tsuntsun ya ji abin da ya taɓa shi. Ƙirjinsa da cikinsa ruwan toka ne mai duhu. Ƙafafunsa gajeru ne, marasa ƙarfi, domin ba tsuntsun yawo a ƙasa ba ne. In ya sauka a reshe yakan zauna a miƙe.

Jikinsa ƙarami ne. Daga baki zuwa ƙarshen wutsiya ta ainihi kimanin santimita 17 ne, wato rabin rular aji da ɗan ɗoriya. Nauyinsa bai cika kai giram 15 ba.

Yanzu sai riguna. Namiji wanda ya ƙosa, bayansa da fukafukansa da wutsiyarsa ja ne irin na lalle da ya kama sosai. A ƙasarmu ta arewa sau da yawa akwai farin zane a fiffikensa. Gasu biyu na tsakiyar wutsiya su ne suke zarce sauran, har su ninka tsawon tsuntsun. Shi ne wanda rukuni na fari suka gani. Amma akwai waɗansu mazan da duk inda ya kamata a ga ja, sai a ga fari. Ba zabiya ba ne, ba tsufa ba ne, ba kuwa cuta ba. Halitta ce kawai, kamar yadda ake samun fari da baƙi a gida ɗaya. Akwai ma na tsakatsaki, masu jan baya da farar wutsiya, ko masu dabbare-dabbare. Shi ne na rukuni na biyu. Tamata kuwa ja ce, ba ta da dogayen gasun nan, sheƙin kanta bai kai na namiji ba, zoben idonta ma ya fi dushewa. Ita ce rukuni na uku suka gani. Ƙananan maza da ba su ƙosa ba suna kama da uwarsu, don haka ba kowane mai gajeriyar wutsiya ba ne mace. Namiji babba ma yakan rasa dogayen gasunsa in lokacin zubar da gashi ya yi, ko in ya kuɓuta daga bakin wani abu.

Abin da ya kashe gardamarmu shi ne ranar da muka ga farin namiji da jar mace suna aikin sheƙa ɗaya. Mai maganar akuya da tunkiya yana wurin.

Akwai tsuntsaye biyu da akan rikita shi da su. Na fari shi ne zalaiɗu, wanda kowa ya sani da doguwar wutsiya da damina. Bambancinsu a fili yake in an natsu. Zalaiɗu tsuntsun fili ne, yana sauka ƙasa yana tsintar ƙwayar ciyawa, bakinsa gajere ne mai kauri. Kama-ƙuda kuwa tsuntsun inuwa ne, da wuya a gan shi a ƙasa, ba ya kuma cin tsaba. In ka ga mai doguwar wutsiya a filin ƙwallo yana korar ƙananan tsuntsaye daga tsaba, zalaiɗu ne. Na biyu ya fi wuya, domin ɗan'uwansa ne na jini, wato Terpsiphone rufiventer, mazaunin kurmi mai duhu irin na kudancin ƙasar. Shi ma baƙin kai gare shi da jan baya. Sai a dubi ciki. In cikin ja ne, na kudu ne. In ruwan toka ne, namu ne. Inda mazauninsu ya haɗu sukan yi barbara da juna, a sami 'ya'ya masu kamannin duka biyu. Ɗalibanmu da suka fito daga wajen Kagoro, inda dajin Nindam yake da tsuntsayen kudu da yawa, su ne ya kamata su fi lura da cikin tsuntsun kafin su yanke hukunci.

Muryarsa

Sau da yawa kunne yakan riga ido. Yana da kuka iri biyu. Na yau da kullum gajere ne, mai kaushi, gaɓa biyu ko uku, kamar ana jan zarto a kan busasshen kara: "zwit-zwer". Da shi yake kiran abokiyarsa, da shi yake faɗa. Waƙarsa kuwa daban take. Fito ne mai zaƙi, mai sauri, wanda ake maimaitawa kamar "twi-twi-twi-twi". Namiji ya fi yin ta da sassafe a lokacin sheƙa, domin ya sanar da sauran maza cewa wurin da mai shi. Gaskiya ita ce, a ganinmu wanda ya raɗa masa "murya mai daɗi" ya ɗan yi masa kara, gama kaushin ya fi zaƙin yawa.

Yadda yake farauta

A nan ne muka fi daɗewa, domin halinsa ya fi launinsa saurin tona asirinsa. Ko a cikin duhun ganye, inda ba a iya bambanta ja da baƙi, yadda yake motsi ya isa shaida.

Yakan zaɓi reshe a ƙarƙashin rumfar ganye, ba a ƙololuwar itace ba, ya zauna yana juya kai. Da ya hango ƙwaro sai ya yi tsalle ya bi shi a iska, ya yi juyi ɗaya ko biyu, ya cafke, ya komo reshensa ko wani na kusa. In wurin shiru ne, za a ji ƙarar haɗuwar bakinsa, "ƙas". Dogayen gasun namiji suna bin bayansa suna lanƙwasa kamar zaren da aka saki a ruwa, amma ba mu taɓa ganin sun sarƙe a reshe ba. Wani lokaci yakan tsaya cak a iska na ɗan ƙiftawar ido, ya tsinci tsutsa ko gizo-gizo daga ƙarƙashin ganye. Wani lokaci kuma yakan bi reshe yana buɗe wutsiya kamar mafici, yana sassauta fukafukai, yana juyawa dama da hagu. Da farko mun ɗauka yanga ce. Da muka lura sai muka ga ƙwarin da suka ɓuya ne suke tashi saboda motsin, shi kuwa ya bi su.

Abincinsa ƙudaje ne, da ƙananan fara, da malam-buɗe-littafi, da tsutsotsin ganye, da tururuwa masu fiffike, da makamantansu. In ya kama babba yakan maka shi da reshe har ya daina motsi kafin ya haɗiye. Ranar da shinge suka fito bayan ruwan dare, ranar bikinsa ce. Mun ga ɗaya yana ta kai da komo har muka gaji da ƙirga.

Wankansa ma abin kallo ne. Ba ya tsayawa a bakin ruwa kamar kurciya. Daga reshe yake faɗowa, ya doki ruwan da ƙirji, ya tashi nan take, ya koma ya girgiza, ya sake.

Ga shi ƙarami, amma ba shi da tsoro. In mujiya ta fake a itace da rana, ko maciji ya hau reshe, yana cikin na farkon da za su ɗaga murya, sauran tsuntsaye su taru. Baba mai gadin gona ya ce mana shi kam in ya ji wannan tsuntsu ya matsa da kuka a wuri ɗaya, yakan dubi sama kafin ya sa ƙafa.

Sheƙa da renon 'ya'ya

Da damina yake sheƙa, lokacin da ƙwari suka yawaita. Sheƙar ƙarama ce ƙwarai, bakinta bai fi na ƙaramin kofin shayi ba. Yakan ɗora ta a inda siririn reshe ya rabu biyu, sau da yawa reshen da ya rankwafo bisa rafi ko bisa hanya, ba kuwa can sama sosai ba. Namiji da mace tare suke ginin. Suna kawo zaren ɓawon itace, da ƙananan saiwoyi, da lallausar ciyawa, su ɗaure da yanar gizo-gizo. Yanar nan ita ce sumuntinsu, ita ce kuma igiyarsu. Sa'an nan su manna busasshiyar gansakuka ta jikin itace a bayan sheƙar, har ta zama kamar ƙullin reshe. Mun wuce ta ƙarƙashin wadda ke kwarinmu kwana da kwanaki ba mu gan ta ba.

Mace takan saka ƙwai 2 ko 3, farare masu ɗigon ja-ja. Su biyun suke karɓa-karɓa wajen kwanci, na kimanin mako biyu. A nan ne ake ganin abin dariya: namiji zaune cikin ɗan kofin nan, kansa ya leƙo ta gaba, wutsiyarsa kuwa tana reto ta baya. Duk wahalar da suka sha wajen ɓoye sheƙar, wutsiyar nan ce ta nuna mana ita. 'Ya'yan sukan fito tsirara, idonsu a rufe. Iyayen biyu suna ciyar da su, suna kuma kwashe kashinsu su kai nesa, domin kada ya nuna wa abokan gaba wurin. Cikin kwana 11 ko 12, ko fiye da haka kaɗan, sai su bar sheƙa, tun ba su iya tashi sosai ba. Iyayen za su ci gaba da ba su abinci a reshe na waɗansu kwanaki.

Wannan ya kawo mu ga wani kuskure da ɗalibai masu kyakkyawar zuciya sukan yi. In an ga ɗan tsuntsu mai gashi a ƙaramin reshe ko a ƙasa, ba maraya ba ne. Iyayensa suna kusa, suna jira a tafi. In a kan hanya yake, a ɗora shi a reshe mafi kusa, a ba da wuri. Wanda ya kai shi ɗakin kwana ya sa a kwali da gero ya kashe shi, domin ba ya cin gero. Haka kuma kada a riƙa zarya wajen sheƙa, ko a karya ganyen da ya rufe ta domin ɗaukar hoto da waya. Hankaka yana kallon inda mutane suke kallo. Malam ya kafa mana doka: mutum biyu kawai a rana, daga nesa, ba taɓawa.

Zuwansa da tafiyarsa

A kudu, inda kurmi ba ya bushewa, yana nan duk shekara. A sassan arewa masu ƙarancin ruwa kuwa baƙon damina ne. Yakan biyo ruwa ya zo, ya yi sheƙa, ya koma kudu in ganye ya fara zuba. Ba ya ƙetare teku kamar baƙin da suke zuwa daga Turai, ƙaurarsa a cikin Afirka take. Inda rafi yake riƙe ruwa da inuwa har cikin rani, waɗansu sukan zauna.

Ko da yake muna ce masa na kurmi, ba sai babban daji ba. Abin da yake bukata shi ne itatuwa masu haɗa kai su yi rumfa, da sarari a ƙarƙashinsu inda zai yi juyi. Layin maɗaci da ɓaure da kanya a bakin rafi ya ishe shi. Tsohon lambun mangwaro ma yakan karɓe shi, har da harabar coci ko ta asibiti in akwai manyan itatuwa.

Ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa shi cikin waɗanda ba a jin tsoron ƙarewarsu. Wannan gaskiya ne in an dubi Afirka gaba ɗaya. Amma tsuntsu yana iya zama lafiya a duniya, ya ɓace daga kwarin garinku. Kowa a cikinmu ya san rafin da yake da inuwa sa'ad da muke firamare, yanzu kuwa an sare itatuwan an yi gawayi, ko an share har bakin ruwa an shuka tumatir. Ba mu ce kada a yi lambu ba, da kuɗin lambu aka biya wa da yawa daga cikinmu makaranta. Amma in an bar layi guda na itatuwa a gaɓa, gaɓar ba za ta zaizaye ba, mai cin tsutsa kuma zai sami wurin zama kusa da lambun. Game da danƙo kuwa, a tuna da giram 15 ɗin nan. In an fige shi, abin da ya rage bai kai loma ba, kuma in an harbe ɗaya da damina an kashe har da na cikin sheƙa.

Ɗan'uwansa na tsibiran Seychelles, a tekun Indiya, ya nuna abin da kan faru in inuwa ta ƙare. Saboda sare itatuwa da ɓarnar ɓeraye, ya kai ga kusan a tsibiri ɗaya kaɗai ake samunsa, wato La Digue. Sai a shekara ta 2008 aka ɗebi guda 23 aka kai su tsibirin Denis, inda aka riga aka kawar da ɓeraye, suka hayayyafa a can. Namu bai kai ga haka ba.

Aikin hutu

Wanda yake so ya gwada, ba sai yana da madubin hangen nesa ba. Littafin rubutu da fensir sun isa. A fita da sassafe, a sa tufafi marasa haske, a zauna a inuwa ana ba rana baya. A rubuta kwanan wata, da wuri, da irin itacen. Sa'an nan a dubi kai, da ido, da baki, da ciki, a bar wutsiya sai daga ƙarshe. A rubuta tun ana wurin, gama in an bari sai an koma gida, zuciya takan ƙara abin da ido bai gani ba. Rukuni na fari sun rantse wutsiyar nasu ta kai kamu biyu.

Irin wannan rubutu ba na aji kaɗai ba ne. A dajin Amurum, kusa da Laminga a gabashin Jos, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda take aiki tare da Jami'ar Jos. An lissafa tsuntsaye fiye da iri 300 a wannan ɗan daji mai kimanin hekta 300. Daga wannan cibiya ne aka soma aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya a shekara ta 2015, aikin da ya dogara ga mutane na gari masu aika abin da suka gani. Ranar da kama-ƙuda ya fara bayyana a ƙauyenku, da ranar da aka daina jinsa, irin labarin da ake nema ke nan. Littafin Nik Borrow da Ron Demey kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, wanda ya fito a 2001, yana da zanen rigunan nan duka, ga mai so ya gwada da abin da ya rubuta.

Da hunturu ya shigo, kwarin ya yi shiru, malam ya yarda muka yanko reshen da tsohuwar sheƙar take. Iska da ruwa sun ɗan lotsa ta, amma yanar gizon tana riƙe. A cikin saƙar mun sami zare biyu farare, waɗanda muka gane na buhun taki ne daga gonar makaranta. Tana nan a kabad na ɗakin gwaje-gwaje, a bene na biyu. Mai son gani sai ya nemi mabuɗi wurin malam.